Yaro a Hannun Wani: Tarken Littafin Shaihu Umar a Kan Ma'aunin Ra'in Shaƙuwa da Rayuwar Almajirai a Ƙauyukan Arewacin Kano

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin matakan renon yaro a al'adar Bahaushe, tun daga goyo har zuwa yaye da kaciya da sa shi a makaranta. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin tarken littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ta fuskar jigo guda ɗaya, wato tashin yaro a hannun da ba na iyayensa ba. Dalilin zaɓen wannan jigo shi ne, akan kafa hujja da labarin Umar a ce rabuwa da gida ita ke sa yaro ya zama malami. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu ɗauko sakamakon binciken gidajen marayu na Turai su ɗora shi kacokan a kan makarantun allo. Za a auna waɗannan ra'ayoyi biyu da abin da littafin ya ƙunsa, sannan a gwada su da halin da ake ciki a ƙauyukan arewacin Jihar Kano, kamar na ƙasashen Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bici da Tsanyawa da Ɓagwai.

4.1 Ra'in Shaƙuwa da Renon Taro

Abin da ake nufi da shaƙuwa a nan shi ne ƙullin da ke tsakanin ƙaramin yaro da babban da yake gudu wurinsa in ya tsorata, ko ya ji ciwo, ko yunwa ta kama shi. Renon taro kuwa shi ne a tara yara da yawa a wuri ɗaya a hannun ma'aikata kaɗan, waɗanda suke karɓa-karɓar aiki, ta yadda babu wani yaro da yake da nasa mutum tsayayye.

Wanda ya kafa harsashin wannan ra'i shi ne John Bowlby, wani likitan ƙwaƙwalwa na Ingila. A rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951 ya nuna cewa jariri yana buƙatar kulawa mai ɗorewa daga uwa ko wadda ta tsaya a madadinta, kuma rashin haka yana iya yi wa hankalinsa da halayensa illa. Daga baya Michael Rutter (1972) ya yi wa ra'in gyara. Ya bambanta yaron da ya shaƙu da wani sannan aka raba su, da yaron da tun farko bai sami wanda zai shaƙu da shi ba, ya kuma nuna cewa illar na biyun ta fi tsanani.

Binciken Barbara Tizard da Jill Hodges a gidajen renon yara na Ingila ya ƙara fito da abin fili. Yaran suna samun abinci da tufafi da kayan wasa isassu, amma kafin yaro ya kai shekara huɗu da rabi kimanin mata 50 sun yi renonsa. Basirar yaran ba ta ragu sosai ba, sai dai da yawansu sun tashi suna liƙe wa kowane baƙo, kuma suna shan wuya wajen zama da tsararrakinsu. Ke nan ƙoshi kaɗai bai wadatar ba.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989 aka tarar da dubban yara jibge a gidajen gwamnati. A binciken da Nelson da Fox da Zeanah suka fara a birnin Bukares a shekarar 2000, an ɗauki yara 136 masu wata 6 zuwa 31, aka mayar da rabinsu hannun iyayen riƙo, rabi kuma suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda aka mayar gidajen riƙo sun fi sauran ci gaba a basira da magana da shaƙuwa, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu. Irin waɗannan hujjoji sun yi daidai da ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009, waɗanda suka nemi a riƙa renon yaran da ba su kai shekara uku ba a cikin iyali.

4.2 Ra'in a Ƙasar Hausa

Kafin a ɗora wannan ma'auni a kan adabin Hausa, ya kamata a tambaya ko ya dace da gidan Bahaushe, inda uwa take kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kuma inda ake kai yaro wurin kakarsa ranar yaye. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, an ga yadda riƙo ya zama ruwan dare: ita kanta Baba ba ta haihu ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta aurar da su. Wanda ya tsaya a kan zahirin maganar Bowlby zai ɗauka cewa duk waɗannan yara sun cutu.

Binciken da Marvin da LeVine da abokan aikinsu suka wallafa a 1977 a kan jarirai 18 na Hausawa ya warware wannan. Sun tarar cewa jaririn Bahaushe yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu a cikin gida, amma akwai guda ɗaya da ya fi neman ta, ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da kula shi, ko da ba ita ta haife shi ba. Wannan ya nuna cewa karin maganar nan ta "ɗa na kowa ne" ba ta saɓa wa ra'in ba. Yawan hannu ba ya cutar da yaro muddin hannuwan sanannu ne, kuma suna nan kullum. Abin da ke cutarwa shi ne yawan sauyin hannu, da rashin wanda yaro zai ce nasa ne. Da wannan ma'auni za a duba labarin Umar.

4.3 Hannuwan da Umar Ya Bi

An buga Shaihu Umar a 1934, yana cikin littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Dokta R. M. East. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. An gina labarin ne a bakin Umar da kansa, yana tsoho a garin Rauta, yana ba almajiransa tarihinsa.

Idan aka bi labarin daki-daki za a ga Umar ya rasa mahaifinsa tun bai san shi ba. Mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden Sarkin Kagara, wanda aka yi wa ƙazafi aka kore shi daga gari. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta ta bar yaron a hannun ƙawarta, sai wani mutum ya sace shi. Kura ta kashe ɓarawon, wasu mutanen ƙauye suka tsince shi suka riƙe. Bai daɗe ba mahara suka kame shi zuwa Kano, inda ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Ber Kufa a ƙasar Masar ya mayar da shi ɗa. Can ya yi sauka, ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud, har ya gaje shi.

Labarin ya kasu kashi biyu ta fuskar reno. A kashi na farko yaro yana ta sauya hannu cikin ɗan lokaci, kuma duk inda ya fara sabawa sai a fizge shi. A kashi na biyu ya zauna a gida ɗaya, a hannun mutum ɗaya, shekara da shekaru. Duk wani ci gaba da marubucin ya ba Umar, na ilimi da natsuwa da daraja, a kashi na biyu ya zo. A kashi na farko ba a nuna ya koyi komai ba.

A nan ne hujjar masu cewa wahala ce ta yi Shaihu Umar take rushewa. Umar bai yi bara a Ber Kufa ba, bai kwana a zaure cikin yara ɗari ba, bai yi wanke-wanke a gidan wani don ya sami ɗumame ba. Daga gidan uban riƙonsa yake zuwa makaranta, ya dawo ya tarar da abinci da mai tambayarsa abin da ya karanta. Matsayinsa ya fi kusa da na ɗan riƙo da ake kai wa makarantar unguwa, ya yi nisa da na kolon da aka danƙa wa malami aka juya baya. Saboda haka littafin shaida ne ga amfanin riƙo nagari, kuma a wannan fuska ya yi daidai da abin da aka gano a Bukares bayan shekara sittin da wani abu.

4.4 Ƙarfin Littafin da Rauninsa

Babban ƙarfin littafin shi ne yadda marubucin ya ƙi yarda daɗin Ber Kufa ya shafe uwa. Bayan Umar ya zama malami abin girmamawa, mafarkin mahaifiyarsa ya hana shi sukuni har ya bar matsayinsa ya kama hanya. Ita kuma uwar ta bar gida da miji ta bi sawunsa, aka yaudare ta aka bautar da ita, har ta kai Tarabulus. Sun haɗu, amma ba ta daɗe ba ta rasu. Marubucin bai ba su zaman da zai rama shekarun da suka ɓace ba, kuma wannan gaskiya ce da mai karatu yake ji a jikinsa: riƙo nagari yakan gyara yaro, amma ba ya mayar masa da abin da aka ƙwace.

Rauni na farko shi ne shirun da littafin ya yi game da zuciyar yaron. Umar yana ba da labarin sace shi da sauye-sauyen hannun da ya sha cikin natsuwar dattijon da ya riga ya mayar da komai ga ƙaddara. Mai karatu ba ya ganin fitsarin kwance, ko firgitar dare, ko ƙin cin abinci, ko liƙe wa baƙo, waɗanda duk mai riƙon yaro ya san su. Kusan duk zafin rabuwar an ɗora shi a kan uwa. Ana iya kare marubucin da cewa mai ba da labarin malami ne a gaban almajiransa, kuma kunya da haƙuri ba za su bar shi ya yi kuka da ƙuruciyarsa ba. Wannan uzuri karɓaɓɓe ne ta fuskar salo. Sai dai sakamakonsa shi ne mai karatu yakan rufe littafin da zaton cewa yaro ba ya jin komai in an raba shi da nasa, alhali wannan zaton ne yake sauƙaƙa wa iyaye tura ɗan shekara biyar garin da ba su taɓa zuwa ba.

Rauni na biyu shi ne labarin ya bi yaro ɗaya da ya yi sa'a. Abdulkarim fataucin bayi yake yi, kuma ayarin da ya ƙetare hamada da Umar cike yake da wasu 'ya'yan mutane waɗanda ba su sami uban riƙo ba. Littafin bai bi ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk wanda zai kafa hujja da Umar, wajibi ne ya tuna da sauran ayarin.

4.5 Gwaji da Ƙauyukan Arewacin Kano

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kamar yadda Mortimore da Wilson (1965) da kuma Polly Hill (1977) suka nuna. Gona tana manne da gona, ba a barin saura, kowace shekara sai an noma gero da dawa da wake da gyaɗa da ƙarfin taki. Gado yana ƙara tsattsaga gonakin, har magidanci ya wayi gari da abin da ba zai kai shi wata damina ba. Ruwa kuma wata huɗu ne zuwa biyar. In an kai amfanin gona gida, sai majiya ƙarfi su tafi cirani, malamai ma su kwashi almajiransu su nufi birni ko gabas. Rage baki a gida lokacin rani yana cikin dalilan da suka raya wannan tsari. Farin 1973 da na 1984, da cutar da ta karya noman gyaɗa a 1975, da tsadar rayuwa bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, duk sun ƙara yawan yaran da ake turawa, sun kuma rage abin da jama'a ke iya ba su.

Idan aka auna da ma'aunin da aka kafa a sama, za a ga yaran wannan yanki sun kasu gida uku. Na farko shi ne yaron da yake karatun allo a garinsu, ya kwana a ɗakin uwarsa ko kakarsa. Wannan ba ya cikin maganar renon taro ko kaɗan. Na biyu shi ne wanda aka ba malami ɗan gari ko ɗan uwa, suka tafi cirani da kaka suka dawo da faɗuwar ruwa. Malamin ya san uban yaron, zai kuma haɗa ido da shi in sun dawo, sannan yaron yana tare da yayyensa da 'yan garinsu. Wannan ya fi kusa da riƙo. Na uku shi ne wanda aka kai nesa aka bari shekara da shekaru a makarantar da yara suka fi ƙarfin malami ɗaya, inda gardi ne yake kula da titibiri, titibiri kuma yake kula da kolo, gardawan ma yau wannan ya tafi gobe wani ya zo. A nan ne siffofin renon taro suke bayyana: yawan yara, ƙarancin manya, da sauyin hannu.

Duk da haka, masu daidaita tsangaya da gidajen Romaniya sun yi gaggawa. Yaran Bukares jarirai ne waɗanda ba su taɓa samun wanda za su shaƙu da shi ba. Almajiri kuwa yawanci ya sha goyo da nono kusan shekara biyu, ya yi shekarunsa na farko a cikin dangi, ya san sunan garinsu da na ubansa. Bisa rabe-raben Rutter, abin da ya same shi rabuwa ce bayan shaƙuwa. Haka kuma ba a kulle yake ba. Yana shiga gari, yakan sami uwar ɗaki da take ba shi abinci da sabulu, wani lokaci har ta riƙe shi kamar ɗanta. Hannah Hoechner (2018), wadda ta yi bincike a birnin Kano da Albasu, ta nuna yadda almajirai suke dogaro da junansu da kuma gidajen da suke yi wa aiki, ta kuma nuna cewa raini da wulaƙancin da suke sha daga jama'a yana cikin abin da ya fi yi musu ciwo. Wurin da ya yi kama da gidajen Romaniya sosai shi ne gidan mari, kamar wanda 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 suka fito da mutum sama da 300, cikinsu har da yara, wasu da sasari a ƙafa.

Yaron da ya fi shiga haɗari a wannan yanki shi ne wanda rabuwa ta same shi sau biyu. Aure ya mutu ko uwa ta rasu, zama da kishiyar uwa ya gagara, sai a ga mafita ita ce a kai shi makaranta. Irin wannan yaro ya rasa uwa, sannan ya rasa gida, kuma sau da yawa babu mai zuwa duba shi. Shi ne yake rayuwa a kashi na farko na labarin Umar ba tare da ya kai kashi na biyu ba. Abin lura kuwa shi ne, fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan wannan yanki, kamar Risala da Muhtasar, ya ba uwa haƙƙin renon ɗa namiji har ya balaga, in ta sami wani uzuri kuma haƙƙin ya koma ga mahaifiyarta. Ke nan tun kafin Bowlby malamai sun san muhimmancin barin yaro a hannun da ya saba da shi.

Matakan da hukumomi suka ɗauka ma ana iya auna su da wannan ma'auni. Makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin tarayya ta fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012 sun kula da gini da abinci da manhaja, amma binciken Tizard ya riga ya nuna cewa waɗannan ba sa maye gurbin mutum tsayayye. Kwashe almajirai a manyan motoci zuwa jihohinsu da gwamnonin Arewa suka yi lokacin annobar korona a 2020 ya mayar da wasu gida, amma ga wanda ya bar gida saboda babu mai riƙe shi, wani sabon sauyin hannu ne kawai. Hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda aka kafa da doka a 2023, za a gane amfaninta ne in ta mayar da hankali ga shekarun da ake tura yaro, da yawan yaran da ke hannun malami ɗaya, da kuma yawan ziyarar iyaye.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa littafin Shaihu Umar bai goyi bayan masu cewa wahala da nisa da gida su ne suke yin malami ba, domin Umar ya yi karatunsa ne daga cikin gida, a hannun uban riƙo guda ɗaya. An kuma ga cewa marubucin ya yi adalci wajen nuna cewa ƙullin uwa da ɗa ba ya kwancewa, amma ya gaza wajen bayyana abin da yaron ya ji, da kuma makomar yaran da ba su yi sa'arsa ba. Ta fuskar ƙauyukan arewacin Kano, an ga cewa kalmar almajiri ta haɗa yara iri uku waɗanda halinsu ya sha bamban, don haka hukunci ɗaya ba zai game su ba. Tambayar da ta kamata a yi game da kowane yaro ita ce: in ya farka da zazzaɓi cikin dare, wa zai tasa, kuma shin mutumin zai kasance yana nan baɗi? A babi na gaba za a duba yadda waƙoƙin bara na almajirai suke ambaton uwa da gida, domin a ji abin da littafin ya yi shiru a kansa daga bakin yaran da kansu.